Ƙwayar Cutar da Aka Raɗa wa Sunan Pegorini

Ranar da Taíse ta zo ɗaukar hanjin kajin, mahaifinta bai yarda ta ajiye mota a ƙofar gida ba. Motar aro ce, da tambarin jami'a manne a gilashin baya, don haka ya sa ta zagaya da ita bayan rumbun masara, inda masu wucewa ba za su hango ba.

Mahaifin nata, Valdecir Pegorini, da ake girmamawa da kiran Seu Valdecir, ya daɗe yana yi wa kamfani kiwon kaji a yammacin jihar Santa Catarina, tun kafin a haifi Taíse. Kamfani ke kawo 'yan tsaki da abincinsu, ya dawo ya kwashe su in sun isa yanka. Nasa shi ne dogon ɗakin, da ruwa, da sa ido. A ƙauyensu in ana zancen tsabta ɗakinsa ake ambata. Shi ma ya sani, kuma ba ya iya riƙe bakinsa in aka ce kajin wane suna kashin jini. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, wajen karta, shi ne mai cewa cutar ba ta shiga ɗakin da mai shi ke tashi da wuri. Ya taɓa faɗa wa wani maƙwabcinsu haka a bainar jama'a, mutumin ya yi watanni bai gaishe shi ba.

Sai ga shi cutar ta shigo nasa ɗakin. Kajin suka takure, fukafukai a sake, ga jini a kan dusar katakon da yake juyawa kowace safiya. Ma'aikacin kamfani ya kawo magani, maganin bai tsinana komai ba, sai da aka sake wani sannan mutuwar ta lafa. Ma'aikacin ba ya kai zancen wata gona wata gonar, aikinsa ya hana. Bayan shi, daga Valdecir sai matarsa Zenaide suka sani, sai kuma Taíse da uwar ta gaya wa a waya cikin raɗa, kamar wani ne a gidan ya yi abin kunya.

Taíse tana shekararta ta farko a digiri na biyu a birni, kuma wannan ƙwayar cutar ce aikinta. Wadda suke da ita a ɗakin gwaje-gwaje tsohuwa ce, an daɗe ana rainonta a kajin keji, kowane magani yana kashe ta. Abin da malamarta, Farfesa Heloísa, ta daɗe tana nema shi ne wadda ta gagari magani a gona. Taíse ta yi ta juya zancen a ranta kafin ta iya roƙon mahaifinta.

Bai ce ta shiga ɗakin kajin ba, ita ma ba ta nema ba. Mai taɓa ƙwayar a wurin aiki ba ya taka ɗakin kaji, ƙwanta na maƙalewa a takalmi. Shi ya fito da matattun a bokiti, ya rufa musu buhu. Ta durƙusa a gindin rumbun, ta buɗe cikinsu a kan wani tsohon katako mai shuɗin fenti, ta yanko rassan hanjin da suka kumbura da jini, ta ɗauki hotonsu, ta zuba a kwalabe. Yana tsaye a kanta, amma idonsa na kan hanya.

"Ba sunan ƙauye, ba sunan gona," ya ce. "Ko malamar taki kada ta sani."

"Ba wanda zai sani, Baba."

"Na ji. Na dai faɗa miki."

Zenaide ta cusa mata cuku da busasshen naman da suke kira salame a jaka, ta ja mata kunne kada ta haɗa su wuri ɗaya da waɗancan kwalaben na ƙazanta.

Abin da Taíse ke dubawa ƙarami ne ƙwarai, har ta daina ƙoƙarin bayyana shi a gida. A cikin ƙwayar cutar akwai umarnin duk abin da za ta ƙera wa kanta. Umarnin ba ya barin ma'ajiyarsa. Kwafo shi ake yi a kan wani siririn zare, RNA ɗan aike, shi ke kai saƙon inda ake aikin. Kafin ya isa, ƙwayar kan ɗiga masa 'yan alamomi na sinadari nan da can. Saƙon yana nan yadda yake, amma alamomin na iya sa a karanta shi da yawa ko kaɗan, ya daɗe ko ya lalace da wuri. Tambayar Taíse ita ce, ko wadda ta gagari magani tana ɗiga nata alamomin a wurare dabam da tsohuwar ta keji.

Ta ci watanni tana tacewa, tana wankewa, tana jiran na'ura. Da sakamakon farko ya fito, bambancin ya nuna kansa sarai. Farfesa Heloísa ta cire tabarau ta sake mayarwa, ta aika a sayo burodin cuku, ta tara ɗalibai a ɗan teburin da ke kusa da firiza.

A nan zancen suna ya taso. Al'adar masu wannan aiki ce, kowane nau'i na ƙwayar a kira shi da sunan wurin da aka fara samo shi. Tsohuwar ta keji ma sunan wani ƙauyen Ingila take ɗauke da shi, ƙauyen da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu. Farfesa ta tambayi sunan garin. Taíse ta ce a yamma ne, mai gonar ya roƙa kada a ambaci gari ko gona. Maicon, ɗalibin da ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce lallai gonar saurayi ce, shi ya sa ake ɓoyo, kuma namijin da kyautarsa ta farko hanjin mushe ne, aure zai yi ba wasa ba. Aka yi dariya. Farfesa ta ce ita dai ba za ta ci gaba da rubuta "kwalba mai jan murfi" a takardun da za su fita duniya ba. Ta tauna burodinta.

"To, tunda babu gari, sai wadda ta kawo. Nau'in Pegorini."

Suka tafa. Maicon ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan a jikin akwatin firiza nan take, da manyan baƙaƙe. Taíse ta ji zafi ya taso mata daga wuya zuwa kunnuwa, ta sunkuyar da kai tana kallon ɓurɓushin burodi a kan teburin. Kowa ya ɗauka kunyar yabo ce, domin an san ta da haka. Su a birni sunan ɗaliba suka ji. A yamma kuwa Pegorini mai kaji guda ɗaya ne, kuma kowa ya san ƙofarsa.

Ta ce wa kanta gobe za ta yi magana. Washegari ta je ƙofar ofishin Farfesa, ta ƙwanƙwasa, da aka ce ta shigo sai ta ji kanta tana tambayar ko an kawo sababbin safar hannu. Ta sake zuwa wata rana, ta tarar ana waya, ta ji daɗin hakan, ta juya. Sunan kuwa sai yaɗuwa yake yi kamar ruwan da ya zube a tebur: a kan kwalabe, a kan hotuna, a bakin ɗalibai. "An ciyar da Pegorini?" "Pegorini ta kashe kaji biyu jiya."

Ranar da ta iya buɗe baki, abin da ya fito shi ne ko za a iya sa lamba kawai a maimakon suna. Farfesa ta ajiye abin da take yi, ta dube ta da tausayi. Ta ba ta labarin yadda a zamaninta ta yi aikin shekaru, wani namiji ya ɗora sunansa a kai, ita kuma ta yi godiya. Ta ce ta gaji da ganin 'yan mata masu ƙwaƙwalwa suna neman lungun ɓuya, kuma ba za ta bar Taíse ta ɓuya ba. Ban da haka ma, an riga an aika bayanan ƙwayar zuwa rumbun da masu bincike na duniya ke ɗiba, da wannan sunan. Taíse ta ce to, ta gode. Ta fita ta shiga banɗaki ta daɗe tana wanke hannuwan da ba su taɓa komai ba.

Da ta je gida hutun Kirsimeti, ta tarar mahaifinta ya warware. Kaji sun yi lafiya zubi bayan zubi, ya koma wajen karta, har bakinsa ya fara dawowa. Suna zaune a baranda ana zagaya ƙoƙon chimarrão, shayin ganyen da suke sha a ƙoƙo ɗaya, ya tambaye ta ya aikin, ta ce lafiya. Bai ƙara ba. Ta riƙe ƙoƙon har ruwan ya huce, sai da uwarta ta ce ko ta saya ne, a ba mutane su sha.

Kare kundin digiri a bainar jama'a ake yi, iyaye su zo da kek da abin sha su zauna cikin 'yan kallo. Taíse ta gaya wa uwarta hanyar da nisa, kuma abin ba ya da daɗin saurare, duk zane-zane ne da lambobi. Zenaide ta ce ita ba saurare zai kai ta ba, kallo za ta yi, kek ma ta riga ta yi odarsa. Ta ƙara da cewa an yi sa'a, an kwashe kaji, sababbi ba su iso ba, tsohon ba shi da hujjar zama gida.

Cikin malaman da za su yi mata tambayoyi akwai Dakta Osmar, likitan dabbobi da ke zaga gonakin yankinsu. Farfesa ce ta zaɓe shi don ya san gona. Taíse ta san shi tun tana ƙarama. Mutum ne mai fara'a, in ya shiga gida sai tulun ruwan zafi ya ƙare yake tashi, kuma duk abin da ya ji a gida ɗaya da shi yake gaisawa a na gaba.

Yana shigowa ɗakin taron ya hango iyayenta a layi na biyu, ya nufe su hannu a buɗe.

"Seu Valdecir, ashe 'yar taka ce. Na ga sunan a kundi na ce a raina, anya. Kai da ko jarida ba ka gama karantawa, ina ka samo wannan?"

"Wajen uwarta ta gado," in ji Valdecir, yana murmushi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, hularsa a kan gwiwa.

Aka rage fitila, majigi ya haska bango. Taken kundin ya fito, da sunan a tsakiyarsa. Zenaide ta zunguri mijinta da gwiwar hannu, ta ce, da muryar da take zaton raɗa ce, "Tsoho, ka ga sunanmu." Taíse na ganinsa daga inda take tsaye. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi, ya koma farko ya sake karantawa. Hoto na gaba hanjin ne, a kumbure, a kan katako mai shuɗin fenti. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ɗauke hular daga wannan gwiwa ya mayar waccan.

Ta yi bayaninta tana kallon agogon da ke bangon baya. Ta nuna inda alamomin suka taru a kan ɗan aiken tsohuwar ƙwayar, ta nuna inda suka koma a sabuwar, ta faɗi abin da take zato da abin da ba ta tabbatar ba tukuna. Ko sau ɗaya ba ta furta sunan ba. "Wannan nau'in," take cewa, "na gonar." Amma yana rubuce a ƙasan kowane zane, da jan launi.

Malami na farko ya yi tambayoyinsa a kan na'ura da lissafi, ta amsa. Sai Dakta Osmar ya gyara zama. Ya yaba aikin, ya ce rabinsa ya fi ƙarfin kansa, shi mutumin takalmin roba ne. Abu ɗaya ya rasa a kundin, ba a faɗi komai a kan gonar ba. Taíse ta ce mai ita ya roƙa a sakaya. Osmar ya yi dariya, ya ce bai ga laifinsa ba, shi ma da zai ɓuya. Ya juyo wajen jama'a, ya ce ya san irinsu ko ido rufe: bututun ruwa na ɗiga tun bara, dusa ta jiƙe ta zama laka, maigida na can yana barci sai rana ta dake shi, in kaji sun fara faɗuwa ya ce sa'a ce ba shi da ita.

"Ku tambayi Seu Valdecir ga shi nan," ya ce. "Irin mutanen nan ba ya ko zama teburi ɗaya da su."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Taíse ta dubi mahaifinta. Kansa na sunkuye, wuyansa ya yi ja har cikin kwalar riga. Ta san in ta yi murmushi ta ce haka ne, za a wuce tambaya ta gaba, Osmar ya koma yamma da labarin 'yar Valdecir mai ilimi, shi ke nan. Abin da ya rage mata kawai ta gyaɗa kai.

"Ba haka ba ne, Dakta," ta ce.

Muryar ta fito ƙarama, sai da ta maimaita. Daga nan maganar ta ƙi tsayawa. Ta ce dusar ɗakin a bushe take, ana juya ta kowace safiya kafin mai ita ya sha kofi. Ta ce yana bin layin bututun daga farko zuwa ƙarshe yana sa bayan hannunsa a ƙarƙashin kowane baki, ko ɗigo ɗaya ya ji sai ya gyara. Akwai kwanon farar ƙasa a bakin ƙofa, matarsa ma ba ta shiga sai ta sake takalmi. Ta ce maganin a cikin abinci yake zuwa a gauraye, iri ɗaya shekara da shekaru, mai kiwo bai zaɓa ba, ba a ma tambaye shi ba. Ƙwayar da ta daɗe tana haɗuwa da magani ɗaya, masu juriyar cikinta ne ke saura su hayayyafa, ko da ɗakin ya fi asibiti tsabta.

Ta tsaya don numfashi ya ƙare mata.

"Kin san gonar nan sosai," in ji Osmar, a hankali.

Ya dubi sunan da ke bango. Ya dube ta. Sannan ya juya kansa zuwa layi na biyu. Ba mugu ba ne, ta ga lokacin da ya gane, ta ga ya yi saurin mayar da idonsa kan kundin yana buɗe shafi, yana cewa ya gamsu, ba shi da sauran tambaya. Da an tsaya nan, wataƙila da rabin ɗakin bai fahimta ba. Sai Zenaide ta juya wajen ɗalibar da ke gefenta ta ce, da irin raɗar nan tata, "Gaskiya ta faɗa, ni ma sai na sake takalmi yake bari na shiga."

Ta ci jarrabawar. Aka karanta sakamakon kowa na tsaye, aka tafa, aka fita baranda wajen kek. Farfesa Heloísa ta rungume ta, ta ce mata a kunne me ya sa ba ta faɗa mata ba tun farko. Maicon ya miƙo mata kofi bai yi tsokana ba, wannan ma ya ƙara mata nauyi. Can gefe Osmar na cin kek yana rantse wa Zenaide cewa bakinsa a ɗinke yake. Da ya juya baya, Zenaide ta ce wa 'yarta mutumin nan ko shi kaɗai ne a mota sai ya ba kujera labari.

Mahaifinta ba ya barandar. Ta same shi a wajen ajiye motoci, jingine da tsohuwar akori-kurarsa a inuwar bishiya, hular a kansa. Ta tsaya nesa kaɗan. Ta fara ba shi labarin teburin, da burodin cukun, da yadda ta je ƙofar ofis ta dawo. Ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"Sunan zai daɗe?"

"Muddin ana aiki da ƙwayar."

"Bayan raina ma ke nan."

"E, Baba."

"Har ƙasashen waje."

Ta gyaɗa kai. Ya dubi ƙasa, ya ture wani ɗan dutse da bakin takalminsa na zuwa coci. Ta jira ya tuna mata abin da ta ce masa a gindin rumbu. Da ya yi, da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba.

"Abin da kika faɗa a ciki, na maganin da ke cikin abinci. Gaskiya ne, ko don ni kika faɗa?"

"Gaskiya ne."

"Ko ɗakin wa za ta iya shiga."

"Jiƙewar dusa na ƙara ta. Amma ko ɗakin wa."

Ta ga haɓarsa na motsi kamar yana tauna wani abu mai tauri. Wata mota ta wuce ta bayansu, ɗalibai a ciki suna ɗaga mata hannu suna kiran sunanta, ta yi kamar ba ta ji ba.

"Osmar ba zai kai ƙarshen mako ba," ya ce. "Gara su ji daga bakina. Lahadi za ki zo, ki tsaya kusa da ni. Inda na rasa kalma ki cike, yadda kika yi wa mutumin can."

Ta hango zauren kartar a zuciyarta, da mazan da suka san ta tun tana yawo ba takalmi, duk sun ajiye kartarsu sun zuba mata ido.

"To, Baba."

Ya buɗe ƙofar motar ya shiga, ya ɗora hannuwa biyu a kan sitiyari, bai dube ta ba.

"Je ki kira uwarki. Ta naɗe abin da ya rage, hanya da nisa."